Maganin Dala Miliyan Biyu: Wa Ke Ƙirga Fankon da Ke Cikin Allurar?

A watan Mayu na shekarar 2019, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Zolgensma, wanda ake yi wa jariran da aka haifa da cutar shanyewar tsoka ta gado, aka kuma sa masa farashin da ya ɗara dala miliyan 2 a kan allura guda. A 2022 sai ga Hemgenix, na masu cutar rashin daskarewar jini, a kan dala miliyan 3 da rabi. Jaridun duniya sun yi ta cece-kuce a kan tsadar, amma ni abin da nake son mu duba yau, mai karatu, shi ne abin da ke cikin kwalbar, da kuma yadda ake tantance shi.

Irin wannan magani aikinsa shi ne ya kai wa jikin majiyyaci lafiyayyar ƙwayar gado a madadin wadda ta lalace. To, da yake saƙo ba ya kai kansa, sai masana suka nemi ɗan aike, suka same shi a wani ɗan ƙanƙanin bairus da ake kira AAV, wanda ba a san shi da sa wa ɗan Adam wata cuta ba. Kwansonsa gini ne na furotin guda 60, faɗinsa kuwa nanomita 25 ne ko kusa da haka, wato sai an jera 40,000 kafin su cika milimita ɗaya. Akan cire kusan dukkan zaren gadonsa, mai haruffa kimanin 4,700, a ɗura masa zaren magani a gurbin.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ɗurin. A masana'anta ana sa ƙwayoyin halitta masu rai su ƙera kwanson tukuna, sannan su cusa zaren a ciki, kuma ba kowane kwanso ke samun rabo ba. Duk wanda ya taɓa ɓare gyaɗa ya san akwai mai ƙwaya, akwai holoƙo, akwai kuma wadda ƙwayar ta tsumbure. Haka abin yake a nan: wani kwanson cike, wani fanko, wani da guntun zare, wani ma da baƙon zaren da ba a nufa ba. Kafin a tace, sau da yawa fankon ya fi rabi.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne laifin fanko tunda ba komai a cikinsa? Laifinsa shi ne ba shi da magani, amma yana da nauyi a kan jiki. Ana auna Zolgensma ne da yawan zaren, tiriliyan 110 ga kowane kilo na nauyin yaro. Mu ɗauka, a misali kawai, yaro mai kilo 10 aka yi wa allurar da rabinta fanko ne. Ke nan bayan tiriliyan 1,100 da aka lissafa, an zuba masa wasu kwansuna tiriliyan 1,100 da ba su shiga lissafi ba. Garkuwar jiki kuwa kwanson take gani. Tun a 2006 wani gwaji da aka yi wa masu cutar rashin daskarewar jini ya nuna yadda garkuwar ke far wa ƙwayoyin hantar da suka karɓi kwanson, har maganin ya daina aiki bayan 'yan makonni. A 2022 kamfanin Novartis da kansa ya sanar da mutuwar yara biyu, ɗaya a Rasha ɗaya a Kazakistan, sakamakon lalacewar hanta bayan allurar. Ban ce fanko ne ya kashe su ba. Abin da nake cewa shi ne hantar da ke fama da irin wannan kaya bai kamata a ƙara mata wanda ba a auna ba.

A nan ne madubin ilektiron ya shigo. Madubin da aka saba gani a ɗakin gwajin asibiti da haske yake aiki, kuma ba ya iya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi a Jamus mai amfani da ilektiron a madadin haske, kuma da irinsa ne aka fara hango AAV ɗin kansa a 1965, yana ɓoye a cikin samfurin wani bairus dabam.

Hanyar farko ta ƙirga ita ce ta rini. Akan ɗiga samfurin a kan wani ɗan raga, a zuba masa gishirin ƙarfe mai nauyi, a bar shi ya bushe. Rinin yakan kutsa cikin fanko, sai tsakiyarsa ta yi baƙi, cikakken kuma ya fito fari. Hanya ce mai sauri da araha, sai dai bushewar kan fasa kwanso, rinin kuma ya shiga inda bai kamata ba, mai ƙirga ya ɗauki cikakke a matsayin fanko.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙanƙara, wadda ta sa Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson suka sami kyautar Nobel a 2017. Akan tsoma samfurin farat ɗaya a cikin ruwan iskar itan mai tsananin sanyi, ruwan da ke jikinsa ya daskare kamar gilashi ba tare da ya fasa komai ba. A hoton, cikakke ne ke yin duhu a tsakiya saboda zaren da ke cunkushe, fanko kuwa ya fito kamar zobe. Kwamfuta kan ware dubbai a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Masu iya magana suka ce gani ya kori ji.

Duk da haka madubin ba ya gane komai. Mai guntun zare yakan tsaya tsakani, ba duhu ba haske, kuma hoto ba zai faɗa maka ko zaren da ke ciki na magani ne ko baƙo ba. Na'urar ma kuɗinta miliyoyin daloli ne. Shi ya sa ake haɗawa da wasu ma'aunai, kamar injin da ke juya samfuri da matsanancin gudu har masu nauyi su riga marasa nauyi nutsewa, da kuma ƙirga zare dabam, kwanso dabam, a raba. Matsalar ita ce ma'aunan ba koyaushe suke ba da amsa ɗaya ba.

Akwai masu ganin fanko na da ranarsa. A 2013 wasu masana a asibitin yara na Filadelfiya suka nuna cewa yana iya ɗauke hankalin garkuwar jiki, cikakkun su samu su wuce. Na yarda hujja ce abar dubawa. Amma ko da gangan za a bar shi, ai sai an san adadinsa, kamar yadda ake sanin adadin kowane sinadari a magani. Kwamitin masu ba hukumar Amurka shawara ya zauna a watan Satumba na 2021 a kan illolin AAV, batun fanko na daga cikin abin da ya tattauna.

Ni a ganina, abu biyu ya wajaba. Kowane kamfani ya bayyana kason cikakke da fanko da mai guntu a duk rukunin da ya fitar, tare da ma'aunin da ya yi amfani da shi. Hukumomi kuma su tsayar da samfuri guda na gwaji wanda kowane ɗakin bincike zai daidaita na'urarsa da shi, domin ƙirgar Amurka ta zo ɗaya da ta Jamus. Iyayen da suka miƙa jaririnsu, ga shi kuma allurar ba a maimaita ta saboda jiki kan gane kwanson bayan karon farko, suna da haƙƙin sanin abin da aka zuba masa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.