Ko Kun Sani? Siriri Ma Yana Iya Kamuwa da Ciwon Zuciya

Ba mai ƙiba kaɗai ciwon zuciya ke kamawa ba. Namiji na iya zama siriri a ido, nauyinsa daidai a sikeli, alhali kitse ya taru a cikinsa, ya lulluɓe hanji da hanta. Wannan kitse ya fi na ƙarƙashin fata illa, domin yana share wa hawan jini, ciwon suga da toshewar jijiyoyin jini hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin na ƙaruwa idan kewayen cikin namiji ya wuce santimita 94, ya kuma tsananta idan ya haura 102. Maigida, ari tef ɗin tela ka auna cikinka, ɗan sama da cibiya. Kada awon ya wuce rabin tsayinka.