Kwalta daban, jigawa daban: wane inji ne ya dace da akori-kurar ƙasar Daura?

Wanda zai tashi daga Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko zuwa Katsina ta Mashi, kwalta zai bi har ya isa. Wanda zai kwaso gero da wake daga ƙauyukan Baure da Zango, ko ya ɗauko tumaki zuwa kasuwar Mai'adua ran Lahadi, sai ya sauka daga titi ya shiga jigawa, inda rairayi ke haɗiye taya. Dukkansu akori-kura suke buƙata, amma abin da kowa ke nema a wurin inji daban ne. Masu saye da yawa ba sa tsayawa su yi wannan lissafin. Tambayarsu ɗaya ce: doki nawa ne?

Ƙarfin doki yana nuna irin gudun da mota za ta iya idan inji ya ɗauki zafi yana juyawa da sauri. Akwai wani awo na biyu, ƙarfin murɗa taya, wanda ake rubutawa da Nm a takardun mota. Shi ne ke ciro mota daga rairayi da buhuna a bayanta. Mu ɗauki Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, kuma ita ce ta fi yawa a hannun hukumomi da jami'an tsaro. Injinta na fetur mai lita 2.7 yana da doki kusan 160, ƙarfin murɗawarsa kuma wajen 245, amma sai ya kai juyi kusan 4,000 a minti ɗaya yake ba da shi duka. Na gas mai lita 2.4 da turbo dokinsa bai wuce 150 ba, sai dai yana kai 400 tun yana juyi 1,600. A kan titin Kazaure na fetur ya fi santsi da ƙarancin ƙara. A cikin rairayi kuwa direbansa sai ya taka totur sosai, taya ta yi ta tono, kuloci ya yi ta ƙonewa, alhali na gas yana tafiya a hankali yana ja.

Da lissafin nan kaɗai ne, da sai a ce kowa ya sayi mai gas. To amma sabon injin gas yana fesa mai ne da matsi mai tsanani ta cikin ƙananan ƙofofin nozil, kuma kwamfuta ce ke sarrafa shi. Ɗigon ruwa ko ƙura a cikin man ya isa ya lalata nozil da famfo. Mu kuwa a bakin iyaka muke, inda mai ke yawo a jarka da galan, kuma hunturu na kawo ƙurar da ke toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki. Idan irin wannan inji ya tsaya a wani ƙauye bayan Kwangwalam, bakanike ba zai gane ciwonsa da kunne ba, sai an kawo na'urar bincike, wani lokaci sai an jawo motar har Kano. Wannan ne ya sa nake ganin waɗanda ke riƙe da Hilux mai fetur suna da hujja: kayan gyaranta na kusa, kuma kusan kowane gareji ya san cikinta.

Tsohon injin gas kuma wani abu ne daban. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda jerinta ya fito a 1984, an daɗe ana sa mata injin 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ya fito a 1990. Ba turbo, famfonsa na ƙarfe ne zalla, dokinsa kusan 130 kawai. A kan kwalta ƙananan motoci ma suna wuce ta. Amma yana jure man da ba shi da tsabta sosai, yana jure zafi, shi ya sa ya yi suna daga Damagaram har Agadas. Tun a 1987 duniya ta ga abin da irin waɗannan motoci ke iya yi a hamada, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki na Libiya a kan Hilux da Land Cruiser, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota.

Dattawa za su tuna Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda ake haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Tayoyin baya ne kawai ke ja, injinta ƙarami ne mai silinda huɗu, amma ta yi shekaru tana cin kasuwannin ƙauye. Direbobinta sun san su rage iskar taya kafin shiga rairayi, kuma har gobe dabarar tana aiki, domin taya mai laushi tana shimfiɗuwa maimakon ta nutse. Haka ma ƙaramar giyar da ke cikin mota mai ja da ƙafa huɗu tana ninka ƙarfin da ke isa taya kusan sau biyu da rabi. Na sha ganin mota mai tsada ta kafe don direba bai taɓa sa wannan giyar ba, abin da ke ba ni takaici ƙwarai.

Manyan motocin Amurka irin su Tundra mai lita 5.7 da doki 381 suna da kwarjini ranar hawan Sallah, amma tun da aka janye tallafin fetur a 29 ga Mayu, 2023, silinda takwas ta zama nauyi ga mai neman abinci da mota. Ɗan kasuwar da iyakarsa cikin gari da bakin titi, ƙaramar Hijet ko Suzuki Carry mai silinda uku ta wadace shi. Manomin da ke shiga jigawa da damina da rani, shi ne ya kamata ya biya kuɗin ƙafa huɗu, kuma kafin ya biya ya je garejin da zai riƙa kai motar ya tambayi bakanike wane inji ne yake da kayansa a shago.