Fada Damiyan, wanda ya kai kansa zangon kutare

A ranar 10 ga Mayu, 1873, jirgin ruwa ya sauke wani matashin limamin Katolika a gaɓar Kalaupapa, a tsibirin Molokai na ƙasar Hawai. Sunansa Fada Damiyan, ɗan ƙauyen Tremelo a Beljiyam, shekarunsa 33. Wurin kurkuku ne da ba shi da katanga: teku ta gefe uku, dutse mai tsayin gaske a baya. Tun 1866 hukuma take kwaso masu kuturta tana zubawa a nan, a raba uwa da ɗanta, miji da matarsa. Mutum kusan 800 ya tarar.

Yawancin mutanen wurin kamo su aka yi. Shi kuwa da ƙafarsa ya zo.

Da farko shirin bishop ɗinsa, Maigret, shi ne limamai huɗu su riƙa karɓa-karɓa. Damiyan ya ga halin da mutanen suke ciki, ya roƙi a bar shi ya zauna. Makonnin farko a gindin bishiya ya kwana. Ya wanke gyambo, ya gina gidaje, ya jawo ruwa, ya sassaƙa akwatunan gawa da hannunsa, ya haƙa kaburbura. Warin miki ya sa ya koma shan lofe don ya iya daɗewa a ɗakin majinyaci. Kwano ɗaya yake sa hannu da su, a wa'azi kuma yakan ce "mu kutare."

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. Hukumar lafiya ta hana shi fita, ta kuma hana baƙi sauka. Ga shi yana ƙishirwar furta zunubansa ga ɗan'uwansa limami. Da jirgi ya zo ɗauke da shugabansa, sai ya shiga kwale-kwale ya matso kusa, ya ɗaga murya yana furta laifuffukansa da Faransanci, mutanen jirgi na tsaye suna kallo. Mutumin da ya ba da 'yancin tafiyarsa, ranar nan har sirrinsa ya bayar, don kada abin da ke tsakaninsa da Ubangiji ya yanke. Ina ganin daga wannan addu'a yake samun ƙarfin komawa wurin gyambon gobe.

A ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafa cikin tafasasshen ruwa, fata ta sale, bai ji komai ba. Ya san ma'anar haka. Ya ci gaba da gini da jinya har ya rasu a 15 ga Afrilu, 1889, yana da shekara 49.

An mayar da gawarsa Beljiyam a 1936, Paparoma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi a 2009. A 1995 aka dawo da hannunsa na dama Molokai, aka binne a kabarinsa na farko, kusa da cocin Filomena, cikin mutanen da ya binne.