Zaɓen Harafin da ya Dace da Aikatau "Arrive": Matsalar Ɗalibai a Tsohuwar Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta tanadi a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru uku na farkon firamare, sannan Ingilishi ya karɓi ragama daga aji huɗu. A unguwa irin Tsohuwar Maiduguri, cikin ƙaramar hukumar Jere, yaro yakan taso da Kanuri ko Larabcin Shuwa a gida, da Hausa a kasuwa da wurin wasa. Saboda haka Ingilishi yakan tarar da tsarin wasu harsuna ya riga ya zauna a kansa. A nan za mu dubi yadda wannan yake shafar aikatau guda ɗaya, wato "arrive".

2.0 Tushen Matsala

Mun sha cin karo da jimloli irin su "He arrived Maiduguri" da "He arrived to Maiduguri" a rubutun ɗalibai. Duka biyun kuskure ne a daidaitaccen Ingilishi, kuma suna jawo asarar maki a jarrabawar WAEC da NECO.

Kuskure na farko yana da alaƙa da Hausa. Bahaushe yakan ce "Ya isa Maiduguri" ko "Ta iso makaranta", ba tare da wani harafi tsakanin aikatau da sunan wuri ba. Na biyu kuwa ɗalibi yakan kwaikwayi "go to" ne. A ganinmu Kanuri na iya ƙarfafa wannan, domin yana nuna inda aka nufa da ɗafa-ƙeya "-ro".

3.0 Ƙa'ida

Shi "arrive" aikatau ƙi-karɓau ne, don haka sunan wuri ba ya bin sa kai tsaye:

(a) "in" da ƙasa ko gari: "They arrived in Maiduguri."
(b) "at" da gini ko takamaiman wuri: "They arrived at the station."
(c) babu harafi kafin "home", "here" da "there", domin bayanau ne: "They arrived home."

Aikatau "reach" kuwa so-karɓau ne: "They reached Maiduguri." Shi ne ya yi daidai da ginin "isa".

4.0 Shawarwari

Na farko, a koyar da aikatau tare da harafinsa a matsayin abu guda, maimakon a ba yara jerin haruffa su haddace. Na biyu, malami ya rubuta jimlar Hausa da ta Ingilishi kafaɗa da kafaɗa a allo, yaran su gano giɓin da kansu. Na uku, a gabatar da "reach" kafin "arrive", tunda daga sananne ake zuwa ga baƙo. A ƙarshe, masu tsara manhaja su sanya wannan kwatance a littafin jagoran malami na aji huɗu zuwa shida, tun kafin kuskuren ya zama jiki.