Mai Keke, Ka Kula da Mararraba!

Mu mazauna ƙetaren Kogin Kaduna mun daɗe da sanin keke. Tun da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, da keke iyayenmu da yawa suka riƙa zuwa aiki. Da man fetur ya yi tsada bayan janye tallafi a 2023, sai waɗansu suka fito da tsofaffin kekunansu, waɗansu kuwa suka sayi keken lantarki mai batir.

Amma hanyar yau ba ta jiya ba ce. Dubi mararrabar Command, ko titin Kachia wajen Sabon Tasha da safe. Ga tirela, ga tanka, ga Keke Napep, kowa yana sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Me ya sa mararraba ta fi haɗari? Tun 1972 hannun dama muke bi a Nijeriya, mai keke kuwa yana can gefen dama. Sa'ad da tirela za ta karya dama, ƙafafunta na baya sukan matso bakin titi fiye da na gaba, direban kuma ba ya ganin wanda ke raɓe da shi. Saboda haka kada mu tsaya a gefen babbar mota. Mu tsaya a bayanta, mu bari ta wuce.

Keken lantarki yana da nasa haɗarin, gama yana da gudu, ba shi da ƙara. Direba yakan ɗauka keke ne irin na dā, ya shiga gabansa. Sai mahayi ya rage gudu tun da nisa, ya kaɗa ƙararrawa.

In za mu karya hagu, mu waiwaya, mu miƙa hannu. In motoci sun yi yawa, ba abin kunya ba ne mu sauka mu tura keken. A shataletale kuwa, wanda yake ciki shi ke da hanya. Mu sa hular kwano, mu kunna fitila da dare.

Iyaye, kafin ku aiki yaro kasuwa a kan keke, ku taɓa birkin da hannunku, ku kuma bi shi har mararraba ku ga yadda yake ƙetarewa. Sauri ya haifi nawa, a gida kuwa ana jiran kowannenmu.