Shirin Musamman: Ruwan Haidirojin da Tsabtar Gida a Ƙasar Gobir

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Burkusuma da Sabon Birni da Isa, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, wajen Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi.

Yau 'yar kwalbar nan mai duhu za mu ɗauko daga kantar kemis mu duba abin da ke cikinta, wato haidirojin, farin ruwan nan da in an ɗiga a kan ciwo sai ya ɗauki kumfa yana tafasa. Cikakken sunansa haidirojin feroksaid, kuma wani Bafaranshe masanin kimiyya, Louis Jacques Thénard, shi ya gano shi a 1818. Yanzu ana yawan jin cewa da shi kaɗai za a tsabtace gida daga zaure har makewayi. To, yana da amfani, amma an yi masa ƙari.

Kumfar da kuke gani iska ce ke fita. Da zarar ruwan ya haɗu da jini ko ɗanyen nama, sai ya rabu gida biyu, ya zama ruwa zalla da iskar oksijin. Haidirojin yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma cin launi. Ba ya barin wari, ba ya barin guba a wurin da ya bushe, kuma nan ne ya fi sauran magungunan wanki.

A duba jikin kwalbar kafin a biya kuɗi. Na kemis yakan zo da ƙarfin kashi 3 ko kashi 6 cikin ɗari. In daga wajen Maraɗi aka sayo, za a ga an rubuta eau oxygénée, da lamba 10 ko 20 a gefe: 10 ɗin shi ne kashi 3, 20 kuwa kashi 6. Aikin gida kashi 3 ya ishe shi. Mai kashi 6 sai ya auna murfi ɗaya, ya ƙara masa murfi ɗaya na ruwa mai tsabta. Wanda ake haɗawa da rinin gashi yakan fi waɗannan ƙarfi, yana ƙona fata, kada a kawo shi madafa.

Inda ya fi nuna bajinta shi ne tabon jini. Uwargida, in jini ya taɓa farin zanen gado, ko bayan haihuwa ko yaro ya yi haɓo, kada ki fara da ruwan zafi, don zafi dafa jinin yake yi ya kama zare. Ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki ɗiga haidirojin, ki bari kumfar ta kwanta, sannan ki wanke da sabulu. Amma atamfa da shadda mai rini, a yi hattara. Ki fara gwadawa a bakin zanen ta ciki, in ba haka ba tabon zai tafi, launin ma ya bi shi. Haka katakon yankan nama da tiren mahauta: a fara wanke maiƙo da sabulu, sannan a zuba, a bar shi kamar minti 10, a ɗauraye. Wuƙa kuwa a goge ta ta bushe nan take, domin yana sa baƙin ƙarfe tsatsa. Wanzamai, ku gafarce ni, wannan ba ya maye gurbin sabuwar reza ga kowane kai.

Yanzu ga inda aka yi masa ƙarin. A zuba shi a daɓen ƙasa ko bakin masai, asarar kuɗi ce kawai, domin datti ke cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Ba a kuma gyara ruwan rijiya ko na gulbi da shi. Mun tuna 2021, lokacin da amai da gudawa ya ratsa jihohin Arewa har da Sakkwato. Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu. Abin da ma'aikatan lafiya ke yaƙar wannan cuta da shi kulorin ne, da tafasa ruwan sha, da wanke hannu da sabulu. Damina in ta kankama, waɗannan za a riƙe.

Kada kuma a gauraya shi da Hypo ko Jik, ko da binega, wai don ya ƙara ƙarfi. Da Hypo ko Jik tafasa yake yi har ya yi tsartuwa a fuska, da binega kuwa yakan zama wani ruwa mai cin fata da shaƙe numfashi. Ko a kan ciwon ma, likitoci yanzu sun fi son a wanke da ruwa mai tsabta, saboda yawan ɗiga shi yana kashe sabon naman da ke tsirowa.

Sai ajiya, kuma mu nan ta shafe mu ƙwarai. Haske da zafi suna kashe shi, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Kwalbar da ta sha zafin bazararmu a kan taga, ƙarƙashin kwano, wataƙila ruwa ne zalla ya rage a ciki. Gwajin ba wuya: a ɗiga a kan ɗanyar hanta ko yankakken dankali. In bai yi kumfa ba, ya mutu.

Iyaye, roƙona na ƙarshe gare ku ne. Kada a juye shi a gorar ruwa ko ta lemo, don yaro mai ƙishirwa ba zai bambance ba. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. A ba shi ruwa kaɗan, a kai shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar. Tun farko dai a ɗora ta can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A zauna lafiya.