Ɗaukar hoto a gonakin shinkafar Zabarmari

Zabarmari, a ƙaramar hukumar Jere kusa da Maiduguri, ƙasar shinkafa ce, shimfiɗaɗɗiya. Irin wannan fili kan yaudari mai ɗaukar hoto da waya. Sai ya tsaya daga nesa, ya sa manomi a tsakiya, hoton ya fito rabinsa sararin sama, mutumin kuwa da ƙyar ake gane shi.

Maganin yana cikin wayar. Akwai layuka huɗu da ake kunnawa a kyamara, biyu a tsaye biyu a kwance, su raba allo gida tara. A ɗora ƙarshen gona kan layin sama, mai yankan shinkafa kuma a mahaɗar layuka, a bar sarari ta inda ya fuskanta. Sannan a durƙusa. Daga ƙasa ne lauje da zangarniya ke cika ido, gefen kunya kuma ya ja kallo zuwa kan mutumin.

Tsakar rana ba ta da kirki, inuwar malafa kan rufe fuska. Sassafe ko bayan la'asar sun fi.

Sai kuma kusanci. Fati Abubakar, mai ɗaukar hoto 'yar Maiduguri da ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram a 2015, takan matsa dab da 'yan kasuwa da 'yan makaranta har fuska ta cika hoto. Kafin a matsa haka, sai an gaisa an nemi izini.